Farashin Tabo

Bayan la'asar na kai ta Haraj,
naɗe cikin bargon da Inna ta bari.
Na rungumo ta daga bayan mota
kamar mai sauko da majinyaci,
Jidda na tururi, riga ta manne mini a baya.

Inci hamsin da biyar.
Riyal dubu biyu da ɗari huɗu na ƙirga
shekara shida da suka wuce,
kuɗin tuƙin dare, kuɗin barcin da ban yi ba.
Rasit na aljihu, amma tawada ta gudu,
saura sunan shago da rabin kwanan wata.

Muƙbil dillali, mutumin Yaman,
asuwaki a baki, bai dubi fuskata ba.
Ya leƙa bayanta, ya karanta lamba,
ya latsa gefe kamar mai taya akuya.
Ina kwali? Na ce ruwan bara ya ci shi.
Tana hawa intanet?
Na ce ba a taɓa aikenta can ba.
Ya nuna mini jerin 'yan'uwanta jingine da bango,
baƙaƙe, shiru,
kowace da gidan da ta fito.
Sabuwa ma, in ji shi, yanzu dubu ɗaya ce da 'yan kai,
ta fi taka sirantaka, ta fi ta wayo.

Sai ya jona wuta.
Gilashi ya yi fari,
a tsakiya ga wata inuwa mai kusurwa huɗu,
da zobe dishi-dishi kewaye da ita
kamar sawun ƙafa a kan dandamali.

Ka gani? Tabo. Ta ƙone.
Tasha ɗaya kuka bar ta a kai, dare da rana.

Haka ne.
Inna Tabawa, tun da gwiwa ta ƙi,
Makka ta yi mata nisa, ga ta kuwa nan kusa,
tafiyar da nake yi da fasinja kafin shayi ya huce.
Sai ta ja tabarma gaban akwatin nan
tana kallon ɗawafi.
Takan zaɓi mutum guda, mai lema ko mai tura keke,
ta bi shi da ido, tana ƙirga masa.
A zagaye na huɗu ya ɓace mata cikin jama'a,
ta ce, Sallau, ya tafi ya bar ni,
ta zaɓi wani.
Ko ta yi barci ba a kashewa.
In ka taɓa, ta farka.

Ɗari biyu da hamsin, in ji Muƙbil.
Na ce albarka.
Ɗari uku, don tsufan bargonka.
Na buɗe baki in ce masa
abin da yake ragewa kuɗi saboda shi,
shi kaɗai ne ba a sayarwa a shago.
Sai na tuna iƙama saura kwana tara,
mai gida ya buga sau biyu tun safe.
Kasuwa, a kai miki dole.

Na sallama.

Takarda uku, masu laushi, da warin man gashi.
Ya ce wani mai shagon aski zai so ta,
in ƙwallo na gudu, ba mai lura da tabo.
Na tsaya ina tunanin 'yan wasa
suna ratsa inuwar nan da gudu
ba su san me suke kewayawa ba.

Bargon dai na karɓo abina.

Sai a danja ta biyu na ji abu yana tokare ni.
Rimot ne, cikin ledar da ta naɗe shi,
maɓallin ƙara murya ya shafe
daidai faɗin babban yatsanta.
Ya kamata in juya, haƙƙinsa ne, ya biya.
Danja ta ba da hannu.
Na baya suna ta hon.